Tambayi Likita: Baƙin Cakulan, Gahawa da Gajiyar da Barci Ba Ya Kashewa

Wasiƙu uku ne suka haɗu a gabana wannan watan, kuma duk ukun abu ɗaya suke kewayawa, wato gajiya da kafeyin, sinadarin nan mai wartsakarwa da ke cikin gahawa, shayi da cakulan, don haka na ɗaure su da igiya guda. Kamar kullum, na cire sunaye, na rage tsawon wasiƙun, amma ban canja maganar masu su ba.

Wasiƙa ta farko

"Assalamu alaikum Likita. Ni malamar makaranta ce, shekaruna 43, 'ya'yana huɗu. Shekara biyu ke nan da aka ce ina da faibromayaljiya, bayan na yi shekara shida ina yawon asibiti, ana gwaji ana ce mini lafiyata lau. Ciwon jiki ne ko'ina, kafaɗa, ƙugu, cinyoyi, kamar an yi mini dukan tsiya. Amma gajiyar ta fi ciwon damuna. Ina tashi da safe kamar ban kwanta ba. Ƙanwata ta turo mini saƙo a WhatsApp cewa masana a Ingila sun gano baƙin cakulan yana maganin irin wannan gajiya. Wata biyu ke nan ina cin rabin sanda mai giram 100, mai kashi 85, bayan isha'i lokacin da nake duba littattafan ɗalibai. Gaskiya a lokacin nakan ji garau. Sai dai barcina ya ƙara lalacewa, likitana kuma ya ce in rage kafeyin. Ina shan gahawa kofi biyu da safe, shayi kofi ɗaya da la'asar. Ran da ciwo ya matsa nakan sha Panadol Extra biyu da safe, biyu da yamma. Da dare ina shan amitiriftilin da aka rubuta mini. Shin cakulan ɗin magani ne in ci gaba, ko shi ma yana cikin abin da aka ce in rage? Ƙanwata ta ce kafeyin ɗin cakulan daban ne."

Wa alaikumus salam, Malama. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Shekara shida ana ce miki lafiyarki lau. Wannan layin ya tsaya mini a wuya, domin ni ma na taɓa faɗa wa wata baiwar Allah haka, a shekarata ta biyu da fara aiki. Takardun gwajinta duk fes, na miƙa mata ina murmushi kamar mai albishir, ta karɓa ta fita tana share hawaye. Na daɗe ban gane abin da na yi mata ba. Faibromayaljiya ba ta fitowa a gwajin jini ko hoton ƙashi, saboda matsalar tana cikin yadda laka da ƙwaƙwalwa suke karɓar saƙon ciwo. Kamar rediyon da aka ƙure wa murya ne: ɗan taɓi sai ya isa ƙwaƙwalwa a matsayin duka. Tana kama mutum 2 zuwa 4 cikin 100, mata sun fi yawa, kuma sai a 1990 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta fitar da ƙa'idojin gane ta. Don haka ba ke kaɗai kika yi wannan yawon ba.

Saƙon ƙanwarki ba ƙage ba ne, yana da tushe. An yi binciken a garin Hull na Ingila, a ƙarƙashin Farfesa Stephen Atkin, aka wallafa shi a 2010. An ba masu ciwon gajiya mai naci cakulan mai koko kashi 85 cikin 100, giram 15 sau uku a rana, wato giram 45, har mako 8. Aka tsaya mako biyu, sannan aka ba su wani cakulan mai kama da shi a ido amma babu sinadaran koko masu amfani a ciki. A kan ma'aunin gajiya da suka yi amfani da shi, maki ya sauka daga 33 zuwa 21.5 da cakulan na gaske, ya sake hawa da na bogin.

Yanzu ga abin da saƙon bai gaya miki ba. Mutum 10 ne kacal aka yi binciken da su. Ajinki ɗaya ya ninka su. Da ɗalibai 10 ba za ki yanke hukunci a kan makaranta ba, balle a kan duniya. Sannan masu ciwon gajiya mai naci aka gwada, ba masu faibromayaljiya ba. Cututtukan biyu maƙwabta ne, sukan haɗu a jiki ɗaya, amma kowacce da gidanta. Kuma duk wanda ya san ɗacin cakulan mai kashi 85 ya san da wuya a yaudari harshensa da na bogi, in kuwa mutum ya gane wanne ne "maganin", hakan kaɗai yakan taɓa yadda yake jin jikinsa. An sake wani gwaji mai kama da shi a Jami'ar Oxford Brookes, aka wallafa a 2019, da mutum 40 masu wata cutar jijiya daban, suna shan ruwan koko kullum har mako 6, aka ga ɗan sauƙin gajiya kaɗan. Alama ce mai daɗin ji. Ni dai ba zan rubuta wa mara lafiya cakulan a takardar magani saboda ita ba.

Batun cewa kafeyin ɗin cakulan daban ne, ƙanwarki ta kama gefen gaskiya ta saki tsakiyarta. Kafeyin ɗaya ne, ko daga gahawa ya fito, ko shayi, ko koko, ko ƙwayar magani. Hanta ba ta tambayarsa daga ina. Abin da ya bambanta cakulan shi ne ɗan'uwan kafeyin da ke cikinsa, tiyobiromin, wanda ya ninka kafeyin ɗin kusan sau 10. A giram 100 na cakulan mai kashi 70 zuwa 85 akwai kafeyin kimanin miligiram 80, tiyobiromin kuma wajen 800. Shi tiyobiromin bai kai kafeyin ƙarfi a ƙwaƙwalwa ba, shi ya sa farkawar da yake kawowa ta fi laushi, ba ta zuwa da rawar hannu. Amma ya fi shi zama a jiki: yakan ɗauki awa 7 zuwa 12 kafin rabinsa ya fita. Baƙo ne mai ladabi wanda ba ya son tafiya gida.

Zo mu yi lissafi, tunda ke malama ce. Kofin gahawa da aka dafa yana da kimanin miligiram 95, biyu 190 ke nan. Baƙin shayi kofi ɗaya, kusan 50. Rabin sandar cakulan, 40 ko ɗan fiye. A ranar da jiki ya yi sauƙi kina kusan 280, wanda bai kai 400 ɗin da hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta ce babu damuwa ga lafiyayyen baligi ba, a bayaninta na 2015. To amma ran ciwo fa? Kowace ƙwayar Panadol Extra tana da miligiram 65 na kafeyin, a rubuce yake a jikin kwalin. Huɗu 260. Jimla 540. Ashe babban mai kawo miki kafeyin a ranar da kika fi buƙatar barci ba cakulan ba ne, ba ma gahawa ba, maganin ciwon ne, wanda na tabbata ba ki taɓa sa shi a lissafi ba. Kusan duk wanda na yi wa wannan lissafin a ɗakin duba marasa lafiya sai ya ɗago ya dube ni.

Ba don mugunta ake sa kafeyin a maganin ciwo ba. Bincike ya nuna miligiram 100 ko fiye yana ƙara wa farasitamol ɗan ƙarfi a ciwon kai, ciwon haƙori da makamantansu, ciwon da ke zuwa ya wuce. Naki ciwon ba mai wucewa ba ne, mazauni ne, kuma irin waɗannan gaurayayyun ƙwayoyi in ana shan su kwana 10 ko fiye a wata, wata bayan wata, su da kansu sukan haifar da ciwon kai na kullum.

Yawan ma bai kai lokacin muhimmanci ba. Kafeyin yakan kai ƙololuwa a jini cikin minti 30 zuwa awa ɗaya, sannan a jikin yawancin mutane sai an yi kimanin awa 5 kafin rabinsa ya fita. Ƙwayoyi biyun da kika sha ƙarfe 5 na yamma, da ƙarfe 10 na dare rabinsu na nan daram. Ki haɗa da ragowar shayin la'asar, da ɓurɓushin na safe, da cakulan ɗin da kika ci awa ɗaya da ta wuce wanda bai ma fara raguwa ba. Za ki samu wajen miligiram 150 a jininki lokacin da kike shimfiɗa. Kamar ki sha gahawa kofi ɗaya da rabi ne, ki kashe fitila. A kan wannan kike ɗora amitiriftilin, wanda aka ba ki musamman don ya zurfafa miki barci. Tufka da warwara ke nan.

Za ki iya cewa ai kina samun barcin. Wani bincike da aka yi a Detroit ta Amurka a 2013 ya ba mutane miligiram 400 awa 6 kafin kwanciya. Na'ura ta nuna sun yi asarar fiye da awa ɗaya na barci, su kuwa da aka tambaye su ba su lura da girman asarar ba. Kafeyin yana cin barci mai zurfi a ɓoye, ko da ido ya rufe.

Ga mai faibromayaljiya, wannan zurfin barcin shi ne jari. A tsakiyar shekarun 1970 wani likita a Toronto ta Kanada, Harvey Moldofsky, ya lura cewa ƙwaƙwalwar masu wannan ciwo ba ta nutsewa sosai cikin barci, igiyoyin farkawa suna kutsawa cikin na barci mai nauyi. Sai ya ɗauko lafiyayyun matasa, duk lokacin da suka shiga barci mai zurfi a buga musu ƙara a fito da su daga ciki, ba tare da an tashe su gaba ɗaya ba. Cikin 'yan kwanaki suka fara kukan ciwon jiki da tsamin tsoka irin naki. Da aka bar su suka yi barcinsu, ciwon ya tafi. Tun ranar da na karanta wannan na daina ɗaukar barcin masu faibromayaljiya a matsayin ƙaramar magana. Barci mara zurfi yana ƙara ciwo, ciwo ya sa a sha ƙwaya, gajiya ta sa a ƙara gahawa, su kuma su sake cin barcin dare mai zuwa. A cikin wannan da'irar cakulan ɗinki na bayan isha'i ya faɗo.

Garau ɗin da kike ji gaskiya ne, ban musa ba. Amma ki san daga ina yake. Tun daga tashinki da safe wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne ɗan aiken da ke sanar da ita cewa jiki ya gaji. Kafeyin yana kama da shi a siffa, sai ya riga shi zama a kujerarsa, saƙon ya rasa inda zai sauka. Gajiyar tana nan a bakin ƙofa tana jira, an dai hana ta sallama ne.

To shin ki daina cakulan? A'a. Ni kaina akwai shi a aljihun tebur ɗina, ba zan yi miki wa'azin da ban bi ba. Yana da abin kirki a ciki. Sinadaran filabanol da ke cikin koko suna taimaka wa jijiyoyin jini su saki, har hukumar Turai ɗin nan ta amince a 2012 cewa miligiram 200 a rana yana taimaka wa gudanar jini. Giram 30 yana ba da maganiziyam wajen miligiram 65, kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da mace take buƙata a rana, ga kuma sinadarin ƙarfe. Sai dai lambar kashi da ke jikin takarda yawan koko take faɗa, ba yawan filabanol ba. In an wanke kokon da sinadarin kashe ɗaci, hanyar da ta samo asali daga ƙasar Holan a ƙarni na 19, mafi yawan filabanol ɗin ya tafi ko da cakulan ɗin ya yi baƙi ƙirin. Wankewar ma ƙara masa duhu take yi.

Rabin sanda kullum kuwa ya yi yawa. Kalori 300 ne, da kitse fiye da giram 20, a jikin da ciwo ya rage wa motsi, ga amitiriftilin da shi ma yake buɗe ciki. A ƙarshen 2022 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta gwada baƙin cakulan iri 28, ta samu dalma da kadmiyam a dukkansu, kuma a 23 daga ciki giram 28 a rana ya haura iyakar da jihar Kalifoniya ta sa wa aƙalla ɗaya daga cikin ƙarafan biyu. Iyakar Kalifoniya mai tsauri ce ƙwarai, ba abin firgita ba ne, amma dalili ne na kada a mai da shi abincin kullum da yawa, musamman ga mai ciki da ƙananan yara. In kina da ƙwannafi, cakulan yana sassauta bakin tumbi, cin sa dab da kwanciya neman rigima ne. In kin taɓa yin tsakuwar ƙoda, ki tambayi likitanki tukuna.

Ga abin da nake so ki yi. Ki mai da cakulan ɗin safe ko hantsi, giram 20 zuwa 30, bayan kin ci abinci. Shayin la'asar ya dawo kafin azahar, ko ya koma marar kafeyin. Ki je wa likitanki da kwalin ƙwayar a hannu, ki nuna masa, ku duba ko farasitamol zalla zai wadatar, ko kuma a sake duba maganin gaba ɗaya. Akwai waɗanda aka amince da su a Amurka musamman don faibromayaljiya, irin su Lyrica tun 2007 da Cymbalta tun 2008, ko da yake ba kowa suke karɓa ba. Gahawar safe ki bar ta yadda take a yanzu, kada mu rushe komai rana ɗaya.

Sannan ki ware littafi guda. Kowace safiya ki rubuta lamba uku daga 0 zuwa 10: barcin jiya, ciwon yau, gajiyar yau. A ƙasa ki rubuta abin da kika sha mai kafeyin da ƙarfe nawa. Abu ɗaya za ki riƙa canjawa a lokaci guda, ki ba shi mako biyu, domin wannan ciwo yana hawa da sauka da kansa, kuma kwana uku masu daɗi sukan sa mutum ya yaba wa abin da bai yi komai ba. In kina son sanin ko cakulan yana yi miki wani abu da gaske, bayan barci ya daidaita ki yi mako biyu da shi, mako biyu babu, ki kwatanta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duba littattafan ɗalibai kuma, in da hali, a rage masa dare.

Wasiƙa ta biyu

"Likita, matata ce ke da ciwon gajiya mai naci, shekara uku ke nan tun bayan wani zazzaɓi da ta yi. Ba ta iya doguwar tsayuwa, zuciyarta sai ta riƙa bugawa. In za mu fita wani taro na dangi nakan saya mata lemon ƙara kuzari gwangwani biyu da baƙin cakulan, kuma wallahi yana aiki, takan yi awa biyar tana hira kamar ba ita ba. Matsalar ita ce bayan kwana ɗaya ko biyu sai ta kwanta, wani lokaci har mako guda, ko wanka sai an taimaka mata. 'Yan'uwana suna cewa ai sun gan ta lafiya lau, lalaci ne. Ko in ƙara mata lemon a kwanakin da take kwance?"

Malam, Allah ya saka maka da alheri a kan ɗawainiyar da kake yi. Amma don Allah kada ka ƙara, na farkon ma a daina.

Abin da ka kwatanta shi ne babbar alamar wannan ciwo, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da ME/CFS. Mai shi in ya wuce iyakar ƙarfinsa, ko da tafiya, ko da hira, ko da tunani, jikin ba ya karyewa nan take. Yakan jira awa 12 zuwa 48, sannan komai ya rushe, kuma ya ɗauki kwanaki ko makonni kafin ya dawo. Rahoton da cibiyar nazarin lafiya ta Amurka ta fitar a 2015 ya sa wannan rushewar bayan wahala a cikin sharuɗɗan da dole a samu kafin a ce mutum yana da ciwon. Wannan jinkirin shi ne yake ja wa masu shi zargi: ranar taro kowa ya gan su, ranar kwanciya kai kaɗai kake gani.

Matarka tana da ɗan ƙarfi ƙayyadadde a kowace rana, kuma jin gajiya shi ne kaɗai mai gaya mata ta kusa ƙarar da shi. Gwangwanin Red Bull mai mililita 250, alal misali, yana da kafeyin miligiram 80 da sukari wajen giram 27. Biyu, da cakulan a kai, sun kusa 200. Ba su ƙara mata ƙarfi ko ƙanƙani ba, sun rufe bakin mai gargaɗin ne, ta yi awa biyar a inda jikinta yake da kuɗin awa ɗaya. Makon kwanciyar nan biyan bashin ne. Bugun zuciyar da take yi in ta tsaya shi ma sananne ne a wannan ciwo, kuma kafeyin mai yawa yakan tsananta shi ga mutane da dama. A gaya wa likitanta, akwai gwaji mai sauƙi na auna bugun zuciya da hawan jini a kwance da kuma a tsaye.

A nan ne cututtukan biyu suka raba hanya, kuma ina so Malama mai wasiƙar farko ita ma ta ji. Ga faibromayaljiya, motsa jiki a hankali ana ƙarawa kaɗan kaɗan shi ne abin da ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai ta fi ƙarfafawa a shawarwarinta na 2017, sama da kowace ƙwaya. Ga ME/CFS kuwa, hukumar NICE ta Birtaniya, mai tsara wa likitoci shawarwarin magani, ta janye shawarar irin wannan motsa jiki mai hauhawa a 2021, ta koma kan cewa mai ciwon ya koyi iyakarsa ya zauna a cikinta. Shawarar da ta gyara wancan tana iya kwantar da wannan. Shi ya sa nake jin haushin masu haɗa su a saƙo ɗaya su ce ga maganinsu.

In taro ya zama dole, ta huta kwana ɗaya kafinsa, a samo mata wurin zama tun da isarku, ku yanke lokacin tashi tun daga gida, awa ɗaya ko ɗaya da rabi, kuma ku tashi ko da hira ta yi daɗi, musamman ma in ta yi daɗi. Washegari a bar mata ita babu aiki. Ƙaramin kofin shayi ko ɗan gutsuren cakulan da safe, in tana so kuma ba ya tayar mata da zuciya, babu laifi, muddin ba a ɗauke shi a matsayin izinin ƙara aiki ba. 'Yan'uwanka kuma, ka gayyaci mafi yawan maganar cikinsu ya zo gaisuwa kwana biyu bayan taro. Gani ya kori ji.

Wasiƙa ta uku

"Likita, shekaruna 31, ina fama da gajiya da ciwon jiki fiye da shekara. Wata uku da suka wuce na daina shan taba. Tun daga nan gahawar da na saba sha, kofi biyar a rana, ta fara sa mini faɗuwar gaba da rashin barci. Sai na yanke ta gaba ɗaya rana guda. Kwana biyu na yi kamar zan mutu, ciwon kai, ciwon jiki, amai na taso mini. Da na sha kofi ɗaya komai ya lafa. Wannan ba ya nuna jikina yana buƙatarta?"

Barka da rabuwa da taba, ɗan'uwa, wannan ita ce babbar nasarar da ke cikin wasiƙarka. Ita ce kuma ta jawo abin da ka gani. Hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa narkar da kafeyin da sauri, kusan ninki biyu. Da ka daina, hanta ta koma tafiyarta ta asali, kofi biyar ɗinka suka zama kamar takwas ko goma a jini. Haka abin yake faruwa ga mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa, wadda kafeyin kan ninka zamansa a jikinta, da mai tsohon ciki, da wanda aka ba maganin ƙwayoyin cuta na sifrofuloksasin, wanda aka fi sani da Cipro. Mai ciki dai iyakarta miligiram 200 ne a rana, a haɗa har da na cakulan.

Kwana biyun wahalar nan kuwa ciwon yaye ne. Yakan fara awa 12 zuwa 24 bayan kofin ƙarshe, ya yi tsanani a kwana na ɗaya zuwa na biyu, ya wuce cikin kwana 2 zuwa 9. Alamunsa ciwon kai, kasala, tsamin jiki, hazo a kai da tashin zuciya, wato kusan irin abin da mai faibromayaljiya yake ji ran da ciwonsa ya motsa. Shi ya sa da yawa suke cewa sun gwada dainawa abin ya ƙaru, su koma. Ba su kai ga ganin yadda jikinsu yake babu kafeyin ba, a tsakiyar yaye suka juya.

Ka sauka a hankali. Kofi huɗu mako guda, uku mako na gaba, sannan biyu, kuma na yamma za ka fara cirewa. In ka kai biyu, duka kafin azahar, barci ya gyaru, gaba ta daina faɗuwa, kana iya tsayawa nan. Gahawar da aka cire wa kafeyin tana taimakawa wurin cike gurbin al'adar riƙe kofi, ko da yake ita ma da ɗan kaɗan a ciki, miligiram 2 zuwa 15. Farin cakulan ba shi da kafeyin, mai madara kuma wajen 20 ne a giram 100, amma su biyun sukari ne ya fi yawa, filabanol ɗin da ake magana babu shi a farin sam.

Abu ɗaya ya rage. Ba ka ce wani likita ya duba ka ba, ka dai ce gajiya da ciwon jiki fiye da shekara. Kada ka raɗa wa kanka sunan ciwo daga karanta wannan shafin. A auna maka yawan jini, sukari, aikin tayiroyid (halittar wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo) da na ƙoda da hanta. In kana da aure, ka tambayi iyalinka ko kana minshari har numfashi ya riƙa ɗaukewa cikin barci, domin wannan kaɗai yana iya sa namiji mai shekarunka ya tashi a gajiye kullum ya riƙa neman kofi biyar. Ka rubuto mini abin da gwajin ya nuna.